Darasin zane a firamare: A kawo kogin Rima da iyayen yara cikin aji

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na sauka a Zauro, garin nan da ke bakin fadamar Rima tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, domin gaishe da 'yan uwa. Bayan sallar la'asar muna zaune a zaure sai ɗan ƙanena, wanda ke aji huɗu na firamare, ya kwaso littattafansa ya ajiye a gabana, kamar yadda yara suka saba yi idan aka ce baƙo malamin makaranta ne. Na ɗauki littafin darasin al'adu da fasaha na duba tun daga bangon farko har na ƙarshe, ban ga zane ko ɗaya ba. Abin da ke ciki jimloli ne na Turanci da aka kwafo daga allo: ma'anar zane, ma'anar launi, sai jerin launuka uku na asali. Na ce masa, "To ɗana, nuna mini ja a cikin waɗannan kalmomi." Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Jim kaɗan sai ya ruga cikin gida ya dawo riƙe da wani abu, ya ce, "Baba, ga jirgina." Jirgin ruwa ne da ya haɗa da kara, da mazauninsa da filafilinsa, har da 'yar homa da ya saƙa da zaren tsohon buhu. Ya kwashe fiye da minti goma yana yi mini bayanin yadda ake tuƙa shi idan ruwa ya kawo, da inda ake ɗaure shi, da dalilin da ya sa bakinsa ya fi gindinsa tsini.

Mai karatu, wannan yaro guda ne, amma mutum biyu na gani a ranar. Na cikin littafi bebe ne, na cikin zaure kuwa masani ne mai baki. Ban ɗora wa malaminsa laifi ba, domin na san irin cunkoson da ke azuzuwanmu da ƙarancin kayan aiki. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka bar darasin da ya fi kowane kusa da rayuwar yaro ya zama wanda ya fi kowane nisa da ita.

A rubuce dai ba a taɓa korar wannan darasi daga makaranta ba. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta sanya fasaha cikin abin da za a koya wa ɗan firamare. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, sannan hukumar tsara manhaja ta NERDC ta haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da aikin hannu a darasi guda a cikin manhajar shekara tara. Ko a garambawul ɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2025, inda ta rage yawan darussa, wannan darasi bai fita daga jerin na firamare ba. Ke nan gurbinsa yana nan a jadawali. Abin tambaya shi ne abin da ake yi da lokacin idan an kaɗa ƙararrawa.

Sanin kowa ne cewa a makarantu da dama lokacin zane ya zama lokacin shara, ko lokacin ƙarasa lissafin da ba a gama ba, ko lokacin da malami ke hutawa. Wani abin takaicin kuma shi ne abin da ake kira aikin hannu na ƙarshen zango. A da yaro ne ke zama ya saƙa faifai ko ya murza igiya a ba shi maki. Sannu a hankali abin ya koma a ce kowane yaro ya kawo tsintsiya, uwa ta sayo a kasuwa ta ba shi, daga bisani ma a wasu wurare aka ce a kawo kuɗin tsintsiyar kawai. Wato darasin da aka shirya domin koya wa yaro amfani da hannunsa ya koma koya masa cewa ana sayen maki. Duk wanda ya san inda wannan ɗabi'a ke kai ɗalibi idan ya iso jami'a ba zai ɗauki lamarin da wasa ba.

Wani zai ce, yaran da ba su iya karanta sunansu ba, ina ruwansu da zane? Tambaya ce mai nauyi, kuma a matsayina na ɗalibin ilimin harshe ina ganin amsarta tana cikinta. Rubutu shi kansa zane ne da al'umma ta amince da ma'anarsa. Yaron da ya saba jan layi a miƙe, ya lanƙwasa shi, ya rufe da'ira, ya bambance dogo da gajere, shi ne zai ga bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ, waɗanda lanƙwasa 'yar ƙarama ce ta raba su, alhali ita ce ke raba bata da ɓata, da dauri da ɗauri. Bugu da ƙari, karatu ba ya tsayawa sai a kan kalmomi, kalmomi kuwa ba sa zama a kan yaro sai yana da abin da zai rataya su. Idan yaro ya zana abu sai a tambaye shi mene ne wannan, sai ya faɗa, sai a rubuta masa abin da ya faɗa a ƙarƙashin zanen, sai ya karanta maganar bakinsa. Babu littafin farko da ya fi wannan sauƙi, kuma ba a buga shi a ƙasar waje.

Wannan batu ya ƙara muhimmanci tun daga watan Nuwamba na 2025, lokacin da Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga matakin farko. Da yawa daga cikinmu masu nazarin harshe ba mu gamsu da wannan mataki ba, domin gwajin shekara shida da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza a Turanci ba. Amma ko da wane harshe hukuma ta zaɓa, darasin al'adu da fasaha ba zai yiwu ba tare da sunayen abubuwan gida ba. Babu yadda za a koyar da homa ko zayyana ko aska takwas ba a kira su da sunansu ba. Saboda haka wannan darasi, tare da darasin Hausa, ya zama ƙofar da ta rage wadda harshen yaro da ilimin gidansu za su bi su shiga aji. Idan muka bari ta rufe, za mu wayi gari da jikokin Sarkawa da ba su san bambancin gura da mamari ba, kuma ba su ƙware a Turancin ba.

Shawarar da muke bayarwa ita ce a gina kowane zangon karatu a kan jigo guda da aka ɗauko daga rayuwar kwarin Rima, a sa darasin zane ya zama igiyar da ke ɗaure sauran darussa da shi. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, yana dacewa da janyewar ruwa da girbin shinkafa. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin su ne da noman rani. Zango na uku kuwa yana kamawa da faɗuwar damina da gyaran gidaje da shirin gona. Ga jigogi uku nan Allah Ya tsara su, ba sai an kira taron bita a otal ba.

Mu ɗauki zango na biyu alal misali, a ce jigonsa shi ne kogi. A makonnin farko 'yan aji ɗaya da biyu su zana igiyar ruwa a ƙasa da yatsa, su buga hoton ganye da tafin hannu a kan takarda, su mulmula yumɓu su yi jirgi da gora. 'Yan aji uku da huɗu su tattaro sunayen kifaye daga gida, giwan ruwa da tarwaɗa da gargaza da ramboshi da kurungu da minjirya da gaiwa, su rubuta su, su jera su bisa tsarin abacada, su ƙirga nawa ne masu ɓawo nawa ne marasa ɓawo. Malamin kimiyya ya karɓa daga nan ya bayyana musu yadda gaiwa ke shigewa cikin laka ta yi rani da rai har ruwa ya dawo. Malamin lissafi ya sa su auna idon raga, su gane dalilin da ya sa raga mai ƙananan idanu ke kwashe 'ya'yan kifi ta bar kogi fayau. 'Yan aji biyar da shida su zana taswirar Rima daga madatsar Goronyo, ta Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, har inda ta faɗa cikin Neja. Su gina fadama da laka a harabar makaranta, da ganuwar tare ruwa da magudanai, su zuba ruwa su ga inda yake bi. Yaron Zauro ya fi kowa haƙƙin yin wannan gwaji, domin sunan garinsu ne aikin noman ranin nan ke ɗauke da shi, wanda aka tsara tun 1969 domin shayar da fili fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, aka kuma shafe shekaru masu yawa ana jan ƙafa a kansa. Iyayensa kuma ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar.

Tarihi ma yana da gurbinsa a wannan jigo. Bikin kamun kifi na Argungu a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wadda ta tabbatar da zaman lafiya bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin kunya ne a ce baƙo ya taso daga wata nahiya ya ɗauki hoton Matan Fada, alhali yaron da ke nesa da wurin da tafiyar ƙasa da awa guda a mota bai taɓa zana shi a makaranta ba. Gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Argungu da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, aji ne a shirye. Ziyarar yini guda da takarda da fensir a hannun kowane yaro ta fi zango guda na kwafar ma'anar al'ada daga allo.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Ƙasar Finland, wadda ake yawan buga misali da makarantunta, ta wajabta tun daga 2016 cewa kowane ɗalibi ya yi aƙalla aiki guda a shekara wanda ya haɗa darussa da dama a kan jigo ɗaya. A garin Reggio Emilia na Italiya iyaye ne da kansu suka soma gina makarantar ƙananan yara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, malami Loris Malaguzzi ya shiga cikinsu, suka mayar da ɗakin zane zuciyar makaranta. A nan gida kuwa, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun yi suna ne saboda sun ƙi tsayawa a kan kwaikwayon Turawa, suka koma ga zane-zanen gidajen iyayensu suka haɗa da abin da suka koya a kwaleji.

Wannan ya kawo mu ga batun iyaye, wanda shi ne ƙashin bayan shawarar. A yau ba a kiran uba makaranta sai ɗansa ya yi laifi ko ana neman kuɗi, uwa kuwa sau da yawa ba ta san ko ƙofar ajin ba. Mun saba cewa iyayen karkara ba su da ilimin da za su taimaki yaro, alhali a wannan darasi su ne malaman. Masunci ya san ƙullin raga, magini ya san yadda ake kwaɓa ƙasa da makuba, mai ɗinkin hula ya san lissafin ido da ba a rubuta shi a littafi ba, mai sassaƙar ƙwarya da mai saƙar faifai da mai ƙunshi kowace tana riƙe da taskar zane a kanta. Duk wanda ke da takardar naira ashirin a aljihu ya juya bayanta ya ga Ladi Kwali tana gina tukunya. A gida ta koyi ginin tukwane a wurin wata 'yar uwarta tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a garin da ake kira Suleja a yau a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da a ce gidansu ya raina wannan sana'a, da ƙasar nan ba ta san ta ba.

Hanyar shigo da iyaye ba ta da wuya. Sau biyu ko uku a zango a gayyato mai sana'a guda ya zauna da yara na awa ɗaya, malamin aji yana gefe yana rubuta sababbin kalmomi a allo. Matan da ba sa fita a kai musu aikin gida: a ce wa yarinya ta je ta tambayi Inna ko Kaka sunan zane uku da ake yi a faifai, ta kwaikwayo su a takarda, ta zo ta faɗa wa aji wanda ya koya mata. A ƙarshen zango a yi ranar baje koli, a kafe ayyukan yara a bango da sunan kowa da na wanda ya taimake shi a gida, a gayyaci hakimi da liman da iyaye maza da mata. Uban da ya ga an kira shi malam a gaban ɗansa ba zai yi saurin cire yaron ya tura shi tsaron tsuntsaye a gona ba. A jihar da ke fama da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, wannan amincewa tsakanin gida da aji ba ƙaramar riba ba ce.

Akwai ƙorafe-ƙorafe guda uku da ya kamata a fuskanta da gaskiya. Na farko shi ne na addini, domin iyaye da yawa suna ƙyamar zana abu mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma bai kamata a tilasta wa yaro abin da gidansu bai yarda da shi ba. Sai dai fagen yana da faɗi ƙwarai ko an ajiye wannan gefe. Ga zayyanar allon sauka, ga kyan rubutun ajami a ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu, ga dagi da zanen bango da aikin babbar riga, ga taswira da jirgi da ganye da gini. Alarammar tsangaya da ya iya haɗa tawada da zana zayyana yana cikin waɗanda ya dace a fara gayyata.

Na biyu shi ne kuɗi. Gaskiya ne fentin kanti ya fi ƙarfin yawancin makarantu. Amma gawayi da ƙaro suna ba da baƙi, jar ƙasa da karan dafi suna ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, baba yana ba da shuɗi, farar ƙasa tana ba da fari. Yumɓu yana fadama, kaba da kara suna bayan gari, bayan tsohon kwali kuwa takarda ne. Haɗa launin ma darasi ne na kimiyya. Abin da kawai za mu yi gargaɗi a kai shi ne kada wannan shiri ya zama wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi daga iyaye, domin dokar 2004 ta ce ilimin matakin farko kyauta ne.

Na uku shi ne tunanin nan da ke tsakaninmu cewa wasu sana'o'i na wasu gidaje ne, ɗan wane ba ya taɓa fata, ɗan wane ba ya kusantar maƙera. Makaranta ce wurin da ya kamata yaro ya fara ganin cewa duk sana'ar halal tana da daraja, kuma ɗan hakimi da ɗan majemi za su iya zama a tabarma ɗaya su koya daga hannu ɗaya.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi da ta hana karɓar tsintsiya ko kuɗi a madadin aikin hannu, ta kuma umurci masu duba makarantu su riƙa neman ganin abin da yaro ya yi da hannunsa, su daina wadatuwa da abin da aka kwafa a littafi. A zaɓi makarantu kaɗan a Zauro da Ambursa da Argungu a gwada wannan tsari na shekara guda, a auna karatun yaran da yawan zuwansu makaranta kafin a fara da bayan an gama, domin a yi magana da hujja. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta horar da ɗalibanta yadda ake tsara zango a kan jigo, ta tura su aikin koyarwa da wannan shiri. Mu kuma da ke jami'o'i, a Birnin Kebbi da Aliero da Sakkwato, nauyi ne a kanmu mu tattara kalmomin su da noma da saƙa na wannan kwari tun masu su suna raye, mu mayar da su ƙananan littattafai masu araha. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma su ɗauki nauyin gayyato masu sana'a, masarautun Gwandu da Argungu kuma su sa albarka, domin idan sarki ya zo kallon zanen yara, babu uban da zai zauna a gida.

Da zan baro Zauro na roƙi ɗan ƙanena ya bar mini jirginsa, ya ce sai dai ya yi mini wani, domin wannan bai gama gyara filafilinsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekara biyu kacal suka rage masa a firamare. Idan hukuma da iyaye suka motsa a bana, zai iya barin makarantar yana karanta bayanin jirginsa da ya rubuta da hannunsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya shirya mana zuriya, amin.